Gargaɗi Ga Iyaye: An Ba Da Hutu A Tsakiyar Bazara

Iyaye maza da mata, kakanni da yayye, da duk wanda aka kawo wa ɗan wani ya yi hutu a gidansa, ku ba ni aron kunnuwanku, maganar nan ba ta jira. An rufe makarantu. Daga ƙarshen Maris zuwa cikin Afrilu yara suna gida, a Najeriya da Nijar duka, kuma hutun ya faɗo daidai ƙuryar bazara, lokacin da zafi a Sakkwato, Maiduguri, Yola, Yamai da Damagaram ke haura digiri 40 kusan kullum. Sanƙarau na kan ganiyarsa, ƙyanda ma haka. Rijiyoyi sun ja baya, an koma tara ruwa a duro da baho, kududdufi kuwa ya zama aljannar duk yaron da rana ta gasa.

Ga lissafin da ba mu cika yi ba. Lokacin karatu, daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana yaro yana ƙarƙashin rufi. Akwai wanda ya kira sunansa da safe, akwai wanda zai lura in bencinsa ya zama wayam. Ranar da aka ba da hutu, awa shidan nan sun dawo wuyanmu, mu kuwa ba wanda ya ba mu hutu. Maigida yana kasuwa ko ofis, uwa na fama da girki da wanki da goyo, kaka ta kishingiɗa bayan azahar. Gida cike da manya, amma ka tambayi wa ke riƙe da wane, sai a shiga kallon-kallo.

Ni sai da abin ya kusa ci da ni na gane. An kawo mana ɗan ƙanwata hutu, yaro ɗan shekara biyar. Wata rana bayan azahar aka zuba abinci, aka neme shi sama da ƙasa. Na tambayi maiɗakina, ta ce, "Ai yana ɗakin Hajiya." Hajiya ta ce, "Rabona da shi tun hantsi, na zaci masallaci ya bi ka." Yara suka ce sun yi wasan ɓuya, an gano kowa ban da shi, da suka gaji da nema suka watse. Muka duba banɗaki, muka haska rijiya da tocila gabana na dukan uku-uku, muka bi maƙwabta gida-gida. To akwai wata tsohuwar mota tawa da ta shekara biyu a ƙofar gida tana jiran kuɗin gyara, tayoyinta duk sun sace. Wani almajiri ne ya ce, "Malam, ɗazu kamar na ga hannu a gilashin can." Da na fizgo ƙofar, hucin da ya bugi fuskata sai ka ce an buɗe tanderun burodi. Yana kwance a kujerar baya, riga sharkaf, leɓɓa a bushe, jiki zau kamar garwashi. Mariƙin ƙofar na ciki ya daɗe da karyewa. Ni na sani, shi bai sani ba. Muka tuɓe shi, muka yi ta sheƙa masa ruwa ana fifita, aka tare adaidaita sahu sai asibiti. Allah ya yi da sauran kwana a gaba. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "Kawu, ai ni na ci wasan, ko?"

Manya huɗu ne a gidan a ranar, kowannenmu kuwa da a ce an sa shi rantsuwa, zai rantse yaron yana hannun ɗan uwansa. Tun daga ranar na kafa doka a gidana, ita nake roƙon kowa ya ɗauka: da safe a ambaci sunan yaro a ambaci sunan babban da ke riƙe da shi, da baki, kowa na ji. In za ka fita ko za ki kwanta, a damƙa shi ga wani, shi ma da baki. Kuma yarinya 'yar shekara takwas ba babba ba ce, komai hankalinta.

Wasu ba su yi dacen da muka yi ba. A Disambar 2021 an tarar da yara takwas sun rasu cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas. Watan Disamba ke nan, a bakin teku. Ina ga Afrilun Gusau ko Tawa? Mota a rufe cikin rana tana iya ƙara zafi da kusan digiri 10 cikin minti goma, jikin ƙaramin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai. Duk motar da ke ajiye a kulle ta, har but ɗinta, makulli a inda hannun yaro ba ya kai. Haka tsohon firji ko firiza da aka jingine a tsakar gida. In yaro ya ɓace, rijiya da mota ake fara dubawa kafin a je cigiya.

Zafin da kansa ma kisa yake. A farkon Afrilun 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗun farko na watan. Tsofaffi suka fi yawa a ciki, amma bayan tsoho babu wanda zafi ke saurin kayarwa kamar jariri. Mu kuwa me muke yi? A naɗe jinjiri da hula da safa da tawul, a goya shi, a lulluɓe da ƙaton hijabi, a shiga adaidaita a tsaya cikin cunkoso, wai kada iska ta shige shi. Haba! A sassauta masa kaya. Wanda bai kai wata shida ba, nono kawai, a yawaita ba shi. Nono ya ishe shi ruwa ko da ana narkewa, uwar ce za ta yi ta sha. Manyan yara kuwa kada a jira su ce ƙishirwa, wasa na mantar da su. A duba fitsarinsu. In ya yi kaɗan ya yi ja kamar shayi, jiki na neman ruwa. Jaririn da ke kuka ba hawaye, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, wannan na asibiti ne yanzu-yanzu.

Daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar ba lokacin ƙwallo ba ne, ba na aike ba, ba na talla ba. Na san wasu gidajen da kuɗin tallar nan ake cefane, ba na raina hakan, amma a mayar da ita safiya ko yamma. A 'yan shekarun nan ma hutun ya sha haɗuwa da watan azumi. Yaron da bai balaga ba, in yana kwaɗayin gwadawa, rabin yini ya ishe shi, kada a zuga shi da "wane ma ya kai." Wanda rana ta buga har ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, a kai shi inuwa, a cire kaya, a jiƙa jikin duka a yi ta fifita, a kama hanyar asibiti ana ci gaba da jiƙawa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma ba a ɗura masa ruwa, shaƙe shi za a yi.

Sai ruwa, inda zan daɗe, domin nan ne hutu ya fi cinye mana 'ya'ya.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin kududdufi da rana tsaka ya san abin da ake gani: silifa ƙanana a jere, riguna a tule bisa dutse, ihu da fantsama. Da yamma a kwashe riguna, silifa ɗaya ta rage ba mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ke mutuwa a ruwa duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. 'Yan kwana-kwana a Kano kuwa ba sai an ba su alƙaluma ba, tsamo gawa daga kududdufi da rijiya na cikin aikin da suka saba.

Yawancin kududdufan garuruwanmu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini. Bakinsu iya gwiwa, taku biyu gaba sai zurfin da ya shanye babban mutum, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Hanyoyin ruwan noman rani, irin wanda ya taso daga dam ɗin Tiga ya ratsa Kadawa da Kura, ko na Bakolori a Talatar Mafara, sun fi haka sharri. Saman ruwan luf-luf, ƙasansa na gudu, gefen siminti ne a karkace da gansakuka, ba wurin kamawa. Wa ya fi shiga haɗari? Baƙo. Yaron birni da aka kai ƙauye hutu, ya ga 'yan uwansa na tsalle suna faɗawa, ya ji kunyar a ce masa matsoraci. Su sun san inda ramin yake tun suna rarrafe, shi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na baho ba. In za ka tura ɗanka gidan kakanni, ka faɗa wa mai gidan ƙarara: "Baffa, yaron nan bai iya ruwa ba, ko kusa kada a bar shi ya bi su rafi." Ba rashin kunya ba ne.

Kuma a cire tunanin za a ji ihu. Mai nutsewa ba ya iya kira, bakinsa neman numfashi yake. Tsit abin ke faruwa, wani lokaci a gaban abokansa suna zaton wasa yake. Su kuma in sun farga, tsoron duka kan sa su gudu gida su yi gum har magariba. Don haka a gaya wa yara tun yau, a kuma cika alkawari: duk wanda ya rugo ya faɗa cewa wani ya faɗa ruwa, ba za a taɓa lafiyarsa ba, ko da an hana shi zuwa wurin.

A cikin gida ma ruwan na nan. Yaro mai koyon tafiya kansa ya fi jikinsa nauyi. Ya leƙa bokiti, kai ya rinjaye shi, ba ya iya ɗagowa. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa. Uwa ta shiga ɗaki ɗauko sabulu ke nan. A rufe duro da randa da tankin ƙasa, a kife baho an gama wanki, rijiya a yi mata murfi mai kwaɗo, ba guntun kwano da dutse a kai ba. Ramin masai da aka haƙa ba a rufe ba, a killace shi yau.

In abin ya faru, wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa, gawa biyu za a tsamo. A miƙa gora ko igiya ko rawani, ko a jefa jarkar da ba komai a ciki, murfinta a ɗaure. Rijiya mai zurfi kuwa sau da yawa babu iskar shaƙa a ƙasanta, shi ya sa ake jin mutum biyu, uku sun bi juna ba wanda ya fito. A kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112 a Najeriya, kada kowa ya sauka ba igiya a ƙugu da masu riƙewa a sama. An fito da yaro ba ya numfashi? Kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙafa sama ko danna masa ciki wai ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau biyar, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji da sauri sau 30 a hura sau biyu, haka har ya motsa ko a isa hannun ma'aikatan lafiya. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti.

Wanda ya fito lafiya daga kududdufi ma ba lallai ya fito shi kaɗai ba. Tsargiya daga nan take, ƙwayarta na rayuwa cikin dodon koɗi ta huda fata ta shiga. A wasu ƙauyuka har yau in yaro ya yi fitsarin jini sai a ce girma ne ya zo. Ciwo ne, yana cin mafitsara a hankali, maganinsa kuma ƙwaya ce da ake sha, har rabawa ake yi a makarantu.

Ga masu tsallaka ruwa zuwa gaishe da dangi: ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A Mayun 2023 yara 15 suka tafi haka a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, itace za su je yi. In ka ga bakin kwale-kwale ya kusa shafar ruwa saboda lodi, sauke 'ya'yanka ka jira sawu na gaba, ko mai jirgin ya yi fushi. Ba a shiga da dare, ba a shiga in hadari ya haɗo, inda akwai rigar kariya kuma yaro ake fara sa wa.

Na biyu da zan daɗe a kansa shi ne sanƙarau. Ƙasar Hausa kaf tana cikin zirin nan na ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi duk rani. Manya ba su manta 1996 ba, shekarar da ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000. A 2015 ta addabi Yamai da kewayenta. A 2017 wadda ta taso daga Zamfara ta bazu Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja, ta kashe sama da 1,100, yara 'yan shekarun makaranta suka fi yawa.

Mutane kan ce zafi ke kawo shi. Da ƙamshin gaskiya, amma ƙwayar cuta ce. Tana zaune a maƙogwaron mutane da dama ba tare da ta kwantar da su ba, tana bin tari da atishawa da numfashin kusa. Busasshiyar iska da ƙura su ƙeƙashe hanci da maƙogwaro, sai ta samu ƙofar shiga jini ta haye rufin ƙwaƙwalwa. To a duba yadda muke kwana lokacin hutu: 'ya'yan gida, 'ya'yan 'yan uwa, yara goma a ɗaki ɗaya, taga a toshe da kwali saboda sauro ko ɓarawo. A raba su. A buɗe tagogi. In tsakar gida a katange take, a ɗaura gidan sauro a kwana a waje.

Alamunsa zazzaɓi ne mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, wuya ya sandare har yaro ya kasa kai haɓarsa ƙirji, sai ruɗewa ko barcin da ba a iya tashinsa. Kada a jira sai duk sun haɗu. Jariri wuyansa ba lallai ya ƙage ba. Shi ƙin nono zai yi, da kuka mai tsini wanda rarrashi ba ya kashewa, maɗiga ta kumbura, jiki ya saki ko ya riƙa jijjiga. Sanƙarau na iya kashewa cikin awa 24. Kusan mutum ɗaya cikin shida ba ya tashi, cikin waɗanda suka tashi kuma ɗaya cikin biyar kan fito da tabo, kurumta ko farfaɗiya ko rauni a ƙwaƙwalwa.

Abin da ke kashe mana yara a nan kalma ɗaya ce: "a bari zuwa safe." A sayo maganin maleriya a kemis, a shafa man zafi a wuya, a yi hayaƙi, a ce iska ce. A yi addu'a, wa zai hana, amma a yi ta cikin mota ana tafiya. Maganinsa allura ce mai ƙarfi da ake yi a asibiti, kuma awannin farko su ne komai. In likita ya ce zai ɗebi ruwan ƙashin baya, kada a ɗauke yaro a gudu. Na sha jin ana cewa ɗiban ruwan ne ke gurgunta yara. Cutar ce ke yin ɓarnar, ruwan kuma shi ke nuna irin ƙwayar da maganin da zai ci ta. Yaro na jijjiga a hanya, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai. Unguwar da aka ga mutum biyu, uku da irin alamun nan, a sanar da asibiti mafi kusa, ko a kira hukumar daƙile cututtuka ta NCDC a 6232, kyauta ne.

Wani zai ce ai an yi wa nasa allurar sanƙarau. Madalla, amma wacce? MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, nau'in A kawai take karewa, ta kuma yi aikinta sosai. Annobar 2015 da ta 2017 nau'in C ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A, C, W, Y da X. In masu rigakafi sun shigo unguwa, a fito da yara, har baƙin da suka zo hutu. A lalubo katin rigakafin nan daga ƙarƙashin katifa a duba: ƙyanda ana yi a wata tara, a maimaita a wata 15. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ma yaran da ba su cika allurarsu ba ya fi ci. Gidan da ake baƙon dauro, ba a kai masa yara ziyara.

Abin sha na kan hanya, zoɓo, kunun aya, lamurje, ƙanƙarar leda, duk daɗinsu bai wuce tsabtar ruwan da aka haɗa su da shi ba. Kanawa ba su manta 2021 ba, lokacin da gurɓataccen garin haɗa lemo ya kwantar da ɗaruruwa a asibiti, aka yi asarar rayuka. Haɗa na gida ya fi arha ma. Mangwaro ya shigo, a wanke shi, a kuma ja kunnen masu hawa bishiya, reshen mangwaro ba amana gare shi ba. In gudawa ta kama yaro, ruwan gishiri da sukari tun daga zawo na farko: na sacet in akwai, in babu, ledar fiya wata biyu, wato lita ɗaya, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. A haɗa da ƙwayar zinc kwana goma zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Gudawa kamar ruwan shinkafa, ko mai jini, ko amai da ba ya barin komai ya zauna, ba na gida ba ne.

Wani abu da ke ba ni takaici: kananzir da fetur da fiya-fiya a gorar lemo, a ajiye a bayan ƙofa. Yaro ya shigo a guje da ƙishirwa, me zai hana shi kafa kai? A ɗaga su sama, a kulle. In ya riga ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai ke tura kananzir cikin huhu. A ɗauki gorar a tafi da ita asibiti tare da shi.

Dare ma da nasa. Janareta a zaure, ko a baranda kusa da taga, ya sha kwantar da gida guda barcin da ba a tashi. Iskar da ke kisan ba ta da wari ko launi. A waje can nesa ake ajiye shi, ko za a sace. Masu kwana a tsakar gida su kakkaɓe tabarma da takalmi, zafi na fito da kunama da maciji. Saran kububuwa, wadda ba banza ake mata kirari da gobe da nisa ba, ba a ɗaure shi tamau, ba a tsaga, ba a tsotsa. A hana ƙafar motsi, a ɗauki yaron kada ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar dafi. 

In tafiya za a yi, a bi safiya. Kada a ɗora yaro a cinya a kujerar gaba, kada a jera huɗu a kan babur ɗaya, kada a ba ɗan shekara 13 makulli wai ya koyi hannu tunda hutu ne. A tasha a riƙe hannu gam. Ba a damƙa ƙaramin yaro ga direban da ba a sani ba da cewa wani zai tare shi a can. Yaran nan tara da 'yan sanda suka ceto a 2019, waɗanda aka sace a Kano aka kai Anambra, daga cikin unguwanni aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kowane yaro ya haddace cikakken sunan mahaifinsa, unguwarsu da lambar waya ɗaya. Haɗari a kan hanya, lambar jami'an kiyaye haɗura 122 ce.

To, an hana rafi, an hana rana, an hana yawo. Me za su yi? Tambayar na kan hanya, domin yaron da aka kulle ba abin yi, ta katanga zai fita. Miƙa masa waya ya yini a TikTok kuma sayen shiru ne da tsada, ba ka san da wa yake hira ba, ba ka san me ya gani ba. A raba musu yinin. Sanyin safiya na guje-guje ne, ƙwallo, langa, 'yar gala-gala, duk abin da zai fitar da zufa kafin rana ta ɗaga. Tsakar rana ta inuwa ce: dara, carafke, ludo, zane, ɗinkin kayan 'yar tsana, ƙera mota da kara ko gwangwani, tilawa, barci. Masu son ruwa a ba su a tsakar gida, bokiti da moɗa, babba na tsaye, an gama a zubar. Maƙwabta uku ko huɗu za su iya yin karɓa-karɓa, yau yara duk suna zauren wane, gobe na wance, kowa ya samu sararin neman abincinsa. Mai ɗan hali ya ware rana guda ya kai su Gidan Makama ko gidan zu na Audu Bako a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, rijiyar Kusugu a Daura, ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da sassafe, da gorar ruwan kowa a hannunsa. Bayan isha kuwa ga kaka nan da aka bari tana gyangyaɗi ita kaɗai. A kashe talabijin a tura mata jikoki, a ga ko Gizo da Ƙoƙi sun tsufa. A gidana dai daren farko ana ta ƙunƙuni, dare na uku su ke jan zanenta.

Motar nan kuwa ban gyara ta ba. Washegarin da aka sallamo yaron na kira masu sayen gwangwan, suka yi mata tayin wulaƙanci, na ce su ɗauka. A kan layinmu kaɗai na ƙirga irinta guda huɗu, biyu ƙofofinsu a buɗe, na je na sami mai unguwa.